Tsutsar da ta ciji maiɗakina

Ɗazu jikata ta ga tana, tsutsar ƙasa, a lambunmu na Barking a Landan, ta kwasa da gudu tana ihu. Maiɗakina Hauwa ta yi dariya har da ƙwalla.

Sai na tuna shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya kawo ni karatu Landan. Na ɗauko Hauwa daga Yawuri, 'yar masunta, ba ta jin Turanci. Kullum tana zaune a ɗaki tana kuka, ita dai a mayar da ita gida.

Rannan Baturen da muke haya a gidansa ya gayyace mu kamun kifi a teku. Muka biya shagon da ake sayar da tsutsar ƙugiya a Deptford. Hauwa ta zura hannu cikin bokiti.

Mai shago ya ce da ni, "Gaya mata suna cizo."

Kafin in fassara mata, wata ta cije ta. Ta ce, "Malam, ai mai cizon nake nema. Wadda ta yi laushi, kifi ma ba ya kallon ta."

Ranar ita ta cika mana kwando. Daga nan duk Asabar Baturen zai ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ba ni yake nema ba. Ba ta sake maganar komawa gida ba.

Ku fa, me ya zaunar da matanku a ƙasar nan?