Ranar da na kai surukata kallon tsuntsaye

A lokacin sanyin shekarar da aka haifi 'yarmu ta fari, surukata ta zo Dubai don ta kula da matata a jego. Muna zaune a Al Warsan, hawa na huɗu, ɗaki ɗaya da falo. Na bar musu ɗakin, na koma kwana a doguwar kujera. Gidan bai isa a yi kunya a cikinsa ba, amma muka yi. Ba ta cin abinci a gabana, ni ma ba na ci a gabanta. In zan shiga kicin sai na yi gyaran murya. In tana son gaya mini wani abu, jaririyar take kallo ta ce, "Ki ce wa babanki gas ya kusa ƙarewa." Ni kuma in amsa wa jaririyar cewa na ji.

Bayan mako uku ƙafafunta suka fara kumburi. Mace ce da ta saba yawo a garinsu can gefen Haɗejiya, ga shi yanzu daga ɗaki sai bayi. Na taɓa kai ta wani babban kanti, ta ce sanyin ciki ya shiga ƙashinta, ta kuma ƙi taka matakala mai tafiya da kanta.

Wata Asabar matata ta ce, "Don Allah ka fita da Inna ta sha iska. Ni ba halin fita sai na yi arba'in."

"Mu biyu kawai?"

"Cinye ka za ta yi?"

Akwai wani wuri a Ras Al Khor da nake wucewa kullum a hanyar ofis. Ruwan teku ne ya shigo cikin gari ya yi fadama, aka killace shi don tsuntsaye. Shekara uku ina hango su daga titi, ban taɓa tsayawa ba. Can na nufa, don ban san inda zan kai ta ba. Ta zauna a baya, ni ina tuƙi.

Daga inda ake ajiye mota, wata siririyar hanya ce aka yi wa shinge da ganyen dabino, ta kai mu wata rumfar katako mai ƙananan tagogi. Inna tana tafe a hankali, tana dafa shingen. Kafin mu isa ta tsaya ta ja numfashi.

"Warin taɓo," ta ce, ba da ni take ba.

A cikin rumfar akwai mai gadi, sai wani tsohon Bature da kyamara mai dogon baki. Ta taga muka hango filamingo birjik a cikin ruwa, dogayen ƙafafu, wuya a lanƙwashe, jiki fari da ja-ja. Bayansu ga dogayen benayen birni. Na ɗauka su za su burge ta. Ta dube su ta ce kamar balbelun da aka yi wa lalle, sannan ta kau da kai.

Mai gadi ya miƙo mata abin hangen nesa. Ta riƙe shi a juye. Na yi ta tunanin yadda zan gyara mata ba tare da na taɓa hannunta ba, a ƙarshe na karɓa ta igiya na juya na mayar mata. Ta kafa a ido, ta bi bakin ruwa da shi, sai ta saki salati da ƙarfi har Baturen ya waiwayo.

"Zalɓe! Malam, zo ka gani, wallahi zalɓe ne!"

Wannan ne karo na farko da ta yi mini magana kai tsaye tun zuwanta. Na leƙa. Wani tsuntsu ne mai launin toka, shi kaɗai a gindin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ya tsaya cik kamar an dasa shi.

"Irin na garinmu ne sak," ta ce. "Me ya kawo shi nan?"

Na ce, "Wataƙila shi ma aiki ya zo nema, Inna."

Ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Daga nan magana ta ɓalle. Ashe mahaifinta masunci ne, abin da matata ba ta taɓa gaya mini ba. Tana yarinya yakan ɗora ta a kan babban gora su shiga fadama, ita ke riƙe masa kifin da ya kama. Ta lissafa mini tsuntsayen da ke sauka wurinsu in ruwa ya fara janyewa: kirinjijiya, dinya, jinjimi, da wasu ƙanana masu gudu a bakin ruwa da ba ta san sunansu ba. Ta ce ga irinsu can, ta nuna da haɓa.

Can sai ta mai da ido kan zalɓen, ta yi ƙasa da murya. "Ka ga ya tanƙwashe wuya? Ya ga kifi. Yanzu zai sara."

Baturen ya tambaye ni me take cewa. Na fassara masa. Ya juya kyamararsa da sauri, bai gama saiti ba zalɓen ya kai sara, ya ɗago da ɗan kifi yana wutsil-wutsil a bakinsa. Duk da haka tsohon ya samu hoton. Ya zo ya nuna mata, yana ta godiya. Ta duba ta ce in gaya masa ya ƙara haƙuri, zai sake kamawa, ɗaya ba ya isar zalɓe. Ya koma ya zauna yana jiran umarninta. Sau biyu ta ɗaga masa yatsa, sau ɗaya ta yi kuskure, ta ce iska ce ta kaɗa ruwan.

Da wani ma'aikaci ya shiga ruwan da dogayen takalman roba yana watsa wa filamingo abinci, ta tambaye ni ko na gwamnati ne ake kiwo.

Na ce ba na kowa ba ne, kuma ba a kamawa.

"Ba a ci, kuma a ba su abinci?" Ta jinjina kai. "Lallai mutanen nan sun ƙoshi."

Mun yi kusan awa biyu. Da muka fito ta ce kada mu shiga mota tukuna, muka yi ta zagaya filin ajiye motoci, tana ba ni labarin shekarar da ruwa ya ci gonarsu ta shinkafa.

A gida matata ta tambaye ta me muka gani.

"Tsuntsaye," ta ce, ta wuce ɗaki.

Matata ta dube ni. Na ce mata, "Ashe kakanki masunci ne." Ta buɗe baki, ta ce ita kanta sau ɗaya ta taɓa jin wannan zance.

Mun koma Asabar biyu a jere, kumburin ƙafar ya ragu. Da aka yi arba'in, saura kwana huɗu ta tafi, ta ce sai an je da mai jego da jaririya. Ta sa aka naɗe yarinyar cikin tawul biyu saboda iskar bakin ruwa. A rumfar ta ɗaga ta saitin taga tana yi mata bayani ɗaya bayan ɗaya, wannan mai cin kifi ne, wancan taɓo yake tacewa. Yarinyar ba ta buɗe ido ba har muka fito, Inna tana ta mita a hanya cewa an kawo mutum har bakin ruwa ya ɓige da barci.