Ruwan shukar da na ɓoye wa Baba

Shekarun baya can, da hawan jini ya kwantar da mahaifina, ni na dage aka ɗauko shi daga ƙauyenmu kusa da 'Yandoto zuwa gidana a Gusau. Na gyara masa ɗaki, sabuwar katifa, fanka, har da labule. Ni a dole 'yar kirki.

To Baba mutum ne da ɗaki bai taɓa riƙe shi ba. Yana idar da asuba ya fice, sai gona, sai bakin rafi, sai gindin wata tsamiya inda yake zama yana kallon duwatsun Tsafe kamar shi aka bar wa ajiyarsu. Muna yara yakan tsayar da mu a hanya ya ce mu yi shiru, mu faɗa masa daga ina iska ke tasowa. Inna kan ce da za a biye masa, a gona za a kafa masa gado.

A gidana kullum tambayarsa ɗaya ce: “An yi ruwa gida?” Likita ya ce kada ya wahala, ni kuma na san duk ranar da na ce e, ranar zai nemi tafiya. Da ƙanena ya bugo waya ya ce an zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai na ce wa Baba, “Shiru har yanzu.” Kwana takwas ina wannan ƙarya, shi kuma abinci sai ya taɓa ya ture.

Sai ga ƙanen nawa a babur ya zo dubiya. Tun a ƙofa na ja masa kunne. Ya shiga ya gaida Baba bai yi zancen ruwa ba, amma Baba ya daɗe yana kallon ƙafar wandonsa.

“Ke,” ya ce da ni, “mi na wanga ga wandon ƙanenki?”

“Ƙura ce, Baba.”

“Ƙura ba ta liƙewa haka. Lakar fadamarmu ce.”

Wallahi da faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, “Ɗiyata, ba magani nike gudu ba. Hannu kawai nike son in sa.”

Washegari muka kai shi. Sama ta yi luf-luf, ƙasa na ƙamshi, shamuwa biyu na yawo can nesa. Muka shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar gona. A wajenmu manomi ba ya shuka sai ya tona da hannu ya ga inda laima ta kai. Baba ya tona har wuyan hannunsa ya shige, ya ɗebo ƙasar ya murza, ya lumshe ido ya shinshina.

“Ku yi shuka,” ya ce. Sai ya dube ni yana murmushi. “Amma ruwan ga ya kwana takwas.”

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ranar ya shanye kwanon fura tas, kuma ban sake yi masa zancen Gusau ba. Kullum ana kai shi gindin tsamiyarsa, har Allah ya karɓi abinsa gero bai fitar da kai ba.

Na ɗauka kula da mutum shi ne ka tsare shi inda idonka ke ganinsa. Har yau idan aka yi ruwan farko sai na yi kuka. Daminarsa ta ƙarshe ce, kuma da bakina na rage masa kwana takwas a cikinta. Allah ya jiƙan Baba.