Man Birkin Babur ɗin Iliyasu

Duk wanda ya yi harkar tumatir a Kwanar Gafan a shekarun baya ya san Iliyasu Dogo. Shi ne ɗan dakon da ke cicciɓar kwando shi kaɗai ya miƙa wa na saman mota, yana yi yana zolayar direbobi. Mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, yana kuma da 'yar gonar rani da ya gada a ƙasan babban kanal ɗin da ke kawo ruwa daga Tiga. Da safe dako, da yamma ban ruwa. Ba a taɓa ganinsa zaune da rana ba.

Wata rana ana lodi, katakon da ake takawa a hau mota ya karye da shi. Ya faɗo ta baya, kwando a ka. An yi asibiti, an yi na gida. Iliyasu ya tashi, amma ƙafafunsa ba su tashi ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai ja. 'Ya'yansa mata ne, duk suna gidajen aurensu, gida ya rage daga shi sai matarsa Saude.

Ƙanin Saude, Yusuf, direba ne a wani kamfanin noma da ya rufe. Da aka yi gwanjon kayan kamfanin, sai ya ɗauko wa Iliyasu wani babur mai ƙafa huɗu, mai faffaɗan tayoyi, irin wanda ke bin taɓo da kunya bai kafe ba. Ba ya bukatar ƙafa. Da babban yatsa ake ba shi wuta, birkinsa kuwa biyu ne duk a hannu, na dama na gaba, na hagu na baya. Ran da Iliyasu ya fara isa gonarsa a kansa, maƙwabtan gona suka bar aiki suka zo suna ta barka. Tun daga nan ya koma noma. Yana zaune a kan babur yake duba shuka, ya gangara bakin kwamin shuka ya buɗe ruwa da doguwar fartanya, abin da ya fi ƙarfinsa ya sa 'yan ƙwadago.

Hanyar gonar ta kan ganuwar kanal take. A ƙarshenta akwai gangare mai tsayi, a gindinsa kuma kwana ce a bakin ƙaramin kanal mai zurfi. A wannan ranin, tumatir ya fara 'ya'ya, Iliyasu ya kama gangaren kamar kullum, ya matsa birkin hagu. Sai ya ji hannun birkin ya tafi laƙwas har ya taɓa mariƙin babur ɗin, kamar ya matsa soso. Ya damƙi na dama, shi ma da kyar ya ɗan kama. Da mai ƙafa ne, da ya yi tsalle ya dira. Shi kuwa sai salati, yana kallon ruwa yana matsowa. Allah ya sa tayar gaba ta daki wani tarin ƙasa, babur ya tsaya, hancinsa a kan ruwa. Mutane ne suka turo shi har gida.

Ya kira Yusuf a waya, wanda a lokacin yana aiki a kudu. Yusuf ya ce, "Yaya, man birkin ne ya mutu, iska ta shiga. Tun yana kamfani ban ga an canza shi ba. A zuƙe tsohon, a zuba sabo, a fitar da iskar. Amma fa aikin mutum biyu ne."

Iliyasu ya aika Kura aka sayo masa man birki da sirinji da ɗan siririn tiyo. Da hantsi ya ja jiki zuwa gindin babur a tsakar gida, ya kwance murfin 'yar tukunyar man da ke kan hannu. Man ciki ya yi baƙi kamar ruwan kwata. Ya zuƙe shi da sirinji, ya cika da sabo mai haske kamar man gyaɗa. Sannan ya ɗaga murya.

"Saude, bar wankin nan ki zo ki ba ni hannu."

Ta zo tana goge hannu da zane. "Malam, ni me na sani a kan inji?"

"Ba sani ake nema ba. In na ce matsa, ki yi ta matsawa. In na ce riƙe, ki danne kada ki saki, ko da kin ji ya tafi. In kika saki kafin na ɗaure, iska za ta koma, mu dawo farko."

Ya kwanta a kan buhu kusa da tayar gaba. A jikin birkin akwai ɗan ƙaramin noti mai rami, ya soka masa tiyo, ɗaya bakin ya tsoma a kwalba. Saude ta matsa, ta riƙe. Ya ɗan kwance notin da sifana, baƙin mai ya tsarto da kumfa, ya ɗaure. Suka sake. A karo na farko ta firgita ta saki, ya yi tsaki, ta ce yi haƙuri. Can suka daidaita, shi yana cewa matsa, riƙe, saki, ita tana leƙa tukunyar tana ƙara mai kada ya ƙafe. Sannu a hankali abin da ke bin tiyo ya washe, kumfa ta ɗauke.

"Malam, ya yi tauri!" Saude ta faɗa tana dariya. "Wallahi ya ƙi matsuwa."

Iliyasu ma ya yi dariya. Rabon da ta ji dariyarsa irin wannan an daɗe.

Saura na baya. Ya ja jiki ya zagaya. Notin baya ya sha taɓo da ruwan kanal, tsatsa ta cinye shi har ya zama ɗaya da jikin birkin. Ya ɗiga masa kalanzir, ya jira. Ya ɗan bubbuga shi. Ya ce Saude ta matsa ta riƙe, ya sa sifana, notin bai motsa ba.

"A bari a kira mai gyara mana," in ji Saude.

"Ɗan wannan abin?"

Hannuwan Iliyasu ba su san cewa ya nakasa ba, ƙarfin dako na nan a cikinsu. Ya ƙara ƙarfi kaɗan. Sai ƙas. Sifana ta tafi fayau, kan notin ya faɗo cikin ƙasa, sauran ya maƙale a ciki.

Ya daɗe a kwance yana kallon wurin. Saude na tsaye, har yanzu tana danne da birki, don bai ce ta saki ba.

"Saki," ya ce a hankali.

Washegari aka ɗauko Dattijo, bakaniken babura a Kura, mutum mai haƙuri da ya tsufa a sana'ar. Ya tsuguna ya duba, ya girgiza kai. Ya cire birkin ya tafi da shi don a huda guntun a fitar. Da ya dawo bai ko zauna ba. Ya ce ƙarfen ya riga ya ruɓe, ana hudawa ya tsage. Ya ɗauki tsagaggen ya shiga Kano da shi, ya zaga 'yan kayan gyara rumfa rumfa. Kowa ya juya shi a hannu sai ya tambaya na wane irin babur ne. Dattijo ya gwada na wani babur, ramukan ba su hau ba. Aka aika wa Yusuf tsagaggen, ya ce zai cigita a can kudu, daga baya ya ce ana ta dubawa.

Tumatir kuwa ba ya jira. Ranar da ake sako wa layin gonakinsu ruwa ta zo ta wuce Iliyasu na gida. Maƙwabcin gonarsa ya taimaka ya buɗe masa, amma shi ma yana da tasa gonar, wani gefen ya sha har ya kwanta, wani bai samu ba. Aka zo aka ce masa tsutsar tumatir da ake kira sharon ta shiga ganye. Ya aika a yi feshi, bai san ko an yi daidai ba. Kullum yana zaune a zaure, duk wanda ya wuce daga wajen kanal sai ya tsayar da shi ya tambaya, kowa kuma da abin da zai faɗa.

Daga ƙarshe Dattijo ya toshe layin birkin baya, ya bar na gaba kaɗai.

"Malam Iliyasu, ka ji tsoron Allah ka ji nawa," ya ce. "A miƙaƙƙiyar hanya, a hankali, zai kai ka. Amma in ka kama gangare da birkin gaba kaɗai, bayan zai ɗaga ya kifa da kai, kuma a kanka zai faɗo."

Saude ta biyo shi har zaure da safen da zai fita. "Don girman Allah, Malam, kada ka sauka. Ni ban iya ɗauko ka daga ruwa ba."

Ya tayar da babur. Ya bi ganuwar kanal a hankali har bakin gangaren, ya tsaya. Daga nan ana hango gonar sarai. Ya hango 'yan ƙwadago biyu suna tsinka, suna taka reshe, suna haɗa ɗanye da nunanne a kwando ɗaya. Ya ɗora yatsa a kan wuta. Ya dubi kwanar da ruwan da ke gudu a ƙasa. Ya janye yatsan, ya kashe inji.

"Kai! Ku ware ɗanyen!" ya ƙwala musu.

Ƙarar injin ban ruwan wani ta danne muryarsa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago, ya zaci gaisuwa ce, ya ɗaga masa hannu biyu, ya sunkuya ya ci gaba.

Haka ya ƙarasa ranin a saman ganuwa. Abin da aka tsinka bai kai rabin na bara ba. Da damina ta matso, ya ba maƙwabcin nasa aron gonar ya shuka shinkafa, a kan in an girbe a sam masa. Tsagaggen birkin yana wurin Yusuf a kudu, har yanzu ana cigiya.