Injin da Ke Kwana a Gindin Murhu

Heriberto Cárcamo ya tsufa yana faskaren itace a bayan garin Coyhaique, can kudancin duniya inda ake tsananin sanyi, har kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaga gatari. Sai ya sayar da shanunsa biyu na jan gungume, ya sayo injin faskare mai araha, irin mai tura ƙarfe cikin itace da ƙarfin mai. Ya yi wa matarsa Eduvina alkawarin bana za su huta, su je arewacin ƙasar su ga jikar da aka haifa musu.

Ashe injin ba ya shiri da sanyi. Dusar ƙanƙara na sauka, mansa ya yi kauri kamar kitse, sai gurnani, ba motsi. Dole Heriberto ya turo shi kicin, ya kori karensu daga gindin murhu, ya lulluɓa wa injin bargonsa. Busasshen itacen da ya ware na sayarwa, shi ake ƙonawa don inji ya ji ɗumi.

"Tsoho, a haɗa masa shayi ne, ko ya ƙoshi?" in ji Eduvina.

"Ki bari mana. Gobe zai tashi."

"Shi kam gobe. Jikarka dai ta fara tafiya, sun aiko hoto."

Shanu sun tafi, kafaɗa ta tafi, wannan ƙarfen kaɗai ya rage wa Heriberto. Ya durƙusa ya goge man da ke ɗiga daga bututun injin, ya ƙara itace a wuta. Sannan ya zura hannu cikin bargon ya dafa jikin injin a hankali, kamar mai duba zazzaɓin yaro.