Tambayoyi Uku a Ƙofar Haladu

Haladu baduku ne, haifaffen unguwar Makama a cikin Yola. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano da wuƙar yankan fata da basilla, ya samu wuri ya zauna, daga nan sana'ar ta bi gidan. Na san shi tun muna yara. Ya girme ni da shekara shida, shi ya sa har ya bar duniya Hamma nake ce masa, wato Yaya. Ni sunana Salihu, tela ne, kuma na yi elemantare har aji huɗu, wanda shi ya jawo mini zama magatakardan ƙungiyar da zan ba da labarinta.

Saura shekara biyu a samu mulkin kai Haladu ya kwashi matarsa Na'inna suka koma Garwa, don a can fata ta fi araha. Ni na bi bayansa da keken ɗinkina. A lokacin ba wanda ya ɗauki zuwa Garwa fita ƙasar waje. Ka bi kogin Binuwai, ka sauka gidan ɗan'uwa, shi ke nan. Da Najeriya ta samu nata 'yancin, Kamaru ma ta samu nata, sai muka wayi gari mu baƙi ne. Jandarma, ɗan sandan can, ya tare ka a hanya, ya yi maka Faransanci, ya miƙo hannu yana neman takarda, kai kuwa ba ka san ta wace ce yake nufi ba. Wanda aka kama ba shi da mai zuwa ya tsaya masa.

Wannan ya sa muka haɗu, gidaje kusan arba'in, muka kafa Ƙungiyar 'Yan Yola Mazauna Garwa. Ranar zaɓen shugaba kowa ya noƙe, don an san aiki ne ba lada sai na Allah. Haladu ya tafi ƙauye sayen fata, saboda haka aka zaɓe shi. Da ya dawo aka gaya masa, ya ce ai ba a yi masa adalci ba, sannan ya sa aka share zaurensa aka shimfiɗa tabarmi.

Babba juji ne, kuma Haladu ya zama juji na gaske. In an kama mutum, shi ne a ofishin jandarma, ya ajiye takalmin da yake ɗinki rabi. In an haihu shi ne, in an rasu shi ne, in mata biyu sun yi cacar baki a rijiya nan ma shi ne. Na'inna kullum cikin mita take, wai tukunyarta ba ta san adadin mutanen gidanta ba. Shi dai abu biyu ya ɗora wa kansa, kuma ya faɗe su a gaban jama'a ranar da ya karɓi aikin: muddin yana shugaba, ɗan Yola ba zai kwana a waje a Garwa ba, kuma ba za a cuci wanda ke ƙarƙashinsa ba. Shekara uku abin yana tafiya. Duk wanda ya yi sallama ya ce daga Yola yake, an ba shi ruwa, an ba shi tabarma, sai ya huta ake tambayarsa abin da ya kawo shi.

A shekara ta huɗu wani ya sauka a zauren, ya kwana uku, ya ci ya sha, ya san gidajen kowa. Ranar Juma'a, maza duk muna masallaci, ya shiga gidan Goggo Kaltume, wata dattijuwa mai sayar da fura da ke zaune ita kaɗai a maƙwabtan Haladu. Ya kwashe mata tasoshi da zannuwa. Da ta riƙe masa riga ya hankaɗa ta a kan turmi, ƙugunta ya karye. Ba ta ƙara tafiya da ƙafarta ba.

Taron da aka yi bayan nan ya yi zafi. Waɗanda suka noƙe ranar zaɓe su ne suka fi kowa baki. Aka ce Haladu ya mai da zaurensa tashar mota, aka ce gobe yankan mutum za a yi. Jandarma ma suka aiko cewa duk baƙon da ya sake ɓarna, shugaba za a kama. Ni na san abin ya ci wa Haladu rai, don kullum da safe shi ke kai wa Goggo Kaltume kunu da hannunsa, ya dawo bai iya kallon kowa ba.

A wannan taron aka yanke cewa daga yau ba mai shiga zauren sai an tabbatar ɗan Yola ne. Takarda ba abin dogaro ba ce, don mu kanmu rabinmu ba mu da ita. Sai aka ce a yi tambayoyi uku waɗanda ɗan gida kaɗai zai amsa: wace unguwa ce taka kuma wa ke jauronta, wato mai unguwa, in ka fito daga babban masallaci za ka Makama gidan wa za ka fara wucewa, kuma ta wane gefen kasuwa dukawa ke zama. Ni na tsara su, ni na rubuta, har ina jin daɗin kaina. Abin da ba wanda ya faɗa a taron, alhali kowa ya sani, shi ne ɓarawon nan ɗan cikin Yola ne tsantsa, an san ubansa an san kakansa. Da shi za a yi wa tambayoyin, da ya amsa har da ƙari.

Wani abin kuma ko a ranmu bai zo ba. Mu a wurinmu Yola ita ce cikin gari: fada, masallaci, kasuwa, tsoffin gidaje. Jimeta kuwa bariki muke ɗaukarta, wurin ma'aikata da 'yan kamfani da baƙi. Amma mutumin Jimeta in ya bar gida aka tambaye shi daga ina, Yola zai ce, kuma bai yi ƙarya ba.

Da damina ta kama a shekarar 1965, ruwa ya cika, jiragen kamfani suka fara hawowa ɗaukar gyaɗa da auduga. Wata Talata bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, Haladu na yanka fata ni ina taya shi hira, sai ga wani dogon mutum da akwatin katako a kafaɗa. Ya yi sallama ya sauke akwatin, ya dafa bango. Ya ce shi kafinta ne a jirgin da ya tashi jiya, zazzaɓi ya kwantar da shi, aka sauke shi aka ce ya jira jirgi na gaba. A bakin ruwa aka nuna masa gidan shugaban 'yan Yola. Hausarsa irin ta mutanen wajen Numan ce, waɗanda yawancinsu 'yan coci ne, kuma leɓensa ya bushe ya tsage.

Haladu ya sa aka kawo masa ruwa, ya sha, sannan ya jero masa tambayoyin. Mutumin ya ce shi a Jimeta yake, shekara goma sha biyu, kusa da kasuwa. Jauro bai san sunansa ba, ya dai san mai gidan da yake haya. Masallacin kuwa sau biyu ya taɓa wucewa ta gabansa. Da aka zo tambaya ta uku sai ya yi murmushi.

"Baba, ban san wannan ba," in ji shi. "Amma ni mutumin Yola ne. Kwana biyu kawai, jirgi zai zo."

Haladu ya ajiye fatar da ke hannunsa. Ya juyo ya dube ni, ni kuwa na kau da kai. Ta katanga ana jin tarin Goggo Kaltume.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Doka ce ta jama'a, ba tawa ni kaɗai ba. Akwai 'yan mishan a ɗaya gefen gari, mutanenku ne, za su karɓe ka."

Ya shiga ciki ya fito da tuwo a kwano da duman fura, ya kwatanta masa hanya dalla-dalla, har sau biyu. Mutumin ya yi godiya, ya ɗauki furar ya bar tuwon, ya saɓa akwatinsa ya tafi a hankali. Haladu ya koma kan aikinsa, amma na ga ya ɓata fatar, ya yanka inda bai kamata ba.

Ranar Alhamis da hantsi jandarma ya zo kiran shugaba. 'Yan dako sun tsinci gawa a ƙarƙashin rumfar auduga a bakin ruwa, kansa bisa akwatin kafinta. Ashe bai kai mishan ba. Hanyar ta yi masa nisa, sai ya koma inda zai ga jirgi in ya iso. A aljihunsa akwai wasiƙa daga Jimeta, shi ya sa aka ce ɗan ƙasarmu ne, mu zo mu ɗauki abinmu. Ni na karanta ta. Sunansa Eli. Matarsa Keturah ce ta rubuto, tana gaya masa rufin ɗaki na yoyo, ƙaramar 'yarsu Edna ta fara tafiya, kuma ya taho da gishiri in ya samu mai araha.

'Yan mishan suka yi masa addu'a irin tasu, ni da Haladu muka haƙa kabarin. Da yamma Haladu ya tara jama'a ya ce ya sauka. Aka shiga ba shi baki, wai ajali ne, wai ai doka ya bi, wai wa ya san gaibu. Wani ma cewa ya yi gara haka da a sake karya wata tsohuwa, kuma wallahi ban iya cewa ƙarya ya yi ba. Haladu ya ce ya yi alkawari biyu, ya saki ɗaya don ya riƙe ɗaya, to su nemi wanda hannunsa ya fi nasa faɗi. Ya roƙi wani maƙwabci ya ci gaba da kai wa Goggo Kaltume kunu. Bayan mako biyu muka biyo ruwa zuwa gida da akwatin Eli. Na bi shi ne don kunya, ba don jarumta ba.

Gidan haya ne a bayan kasuwar Jimeta, ɗakuna jere, kwano ya yi tsatsa. Keturah malamar firamare ce, siririya, ba mai yawan magana ba. Labarin rasuwar ya riga mu isa ta hannun 'yan cocinsu, amma an ce mata zazzaɓi ne kawai. Ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa. Babbar 'yarta Hilda, mai shekara shida, tana laɓe a bakin ƙofa. Na yi wa Haladu raɗa a hanya cewa ya ba da akwati ya yi ta'aziyya mu tafi, tunda ba abin da sauran maganar za ta dawo da shi. Bai saurare ni ba. Da aka tura yarinyar waje ya faɗi komai, har da tambayoyin uku, ɗaya bayan ɗaya, bai jingina laifin ga ƙungiya ba, bai ambaci sunana ba.

Ta saurara har ya gama, hannunta bisa murfin akwatin.

"Baba, da ya tsaya a ƙofarka, ka tambaye shi sunansa?"

"A'a, 'yata. Ban tambaya ba."

Ta gyaɗa kai. Ya ce ya zo neman gafara, in da hali. Ta ce ita ba ta riƙe shi da ƙiyayya ba, addininta ma bai yarda ba, amma wannan gafarar ba a hannunta take ba.

"Ni miji na rasa, kuma na san shi. Su uba suka rasa, ba su san shi ba. Ka bari Hilda ta yi hankali, ni zan gaya mata, sai ka tambaye ta."

Haladu ya ce ya ji, zai jira.

Bai koma Garwa ba. Ya buɗe rumfa a Makama inda ubansa ya yi sana'a, kuma bai ƙara yarda ya shugabanci ko da taron suna ba. Aka yi jihohi, muka zama 'yan Jihar Arewa maso Gabas, aka yi yaƙi aka gama, shi yana nan bisa fatarsa. Duk shekara in Kirsimeti ya matso sai ya hau keke ya tafi Jimeta da igiya, ya auna ƙafafun yaran, bayan mako ya kai musu takalma. Keturah tana karɓa ta ce an gode. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma bai taɓa tambaya ko lokaci ya yi ba. Ni ne nake ƙosawa. Na ce masa sau ɗaya, Hamma, yarinyar nan fa ta kai goma sha biyu. Ya ce uwarta ce ta san hankalinta.

Ya rasu a shekarar 1973, bayan jinyar kwana tara. A rana ta uku Keturah ta zo ta'aziyya da Hilda, wadda ta shiga sakandare a shekarar. Da za su tafi na raka su bakin hanya, na tambayi uwar a hankali ko ta gaya mata. Ta ce tana nufin yi in an yi hutun ƙarshen shekara. Yarinyar tana gabanmu tana share hawaye da gefen ɗankwali. Ta yi kuka sosai ranar, don ita a saninta Baba mai takalma ne ya rasu.