Igiyar Baffa Haladu

Yayana Haladu magini ne a Kaura Namoda. Yana aji huɗu na firamare ya ajiye littafi ya ɗauki cokalin gini, ni kuwa na yi ta karatu har na zama malamin lissafi a sakandare. Shekara ashirin ina shan ƙurar alli, amma in aka ce "mai lissafi" a unguwarmu, shi ake nufi. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Makaminsa igiya ce mai ƙulli-ƙulli da ƙusa uku. Ya ja taku uku nan, huɗu can, biyar a tsakani, sai kwanar ɗaki ta fito cif. Har daga Dauran ake zuwa ɗaukarsa a babur.

'Yata Hussaina a ajina take. Mako biyu ina fama da 'yan ajin kan hujjar cewa layi biyu da suka tsaya cak a kan layi ɗaya ba za su taɓa haɗuwa ba. Na raba allo gida biyu, magana a hagu, dalili a dama. Ko gezau. Ranar Asabar ta kai wa baffanta abinci wurin gini, ta dawo baki har kunne.

"Baba, na gane! Baffa ya gwada man da igiya."

Na ture kwanon tuwon da nake ci gefe.

Ranar jarrabawa ta jera komai daidai, kusurwa casa'in nan, casa'in can. A gidan dalili na ƙarshe kuwa sai ta rubuta: "Haka Baffa Haladu ya ce." Na zabga mata jan biro, na hau babur sai wurin ginin.

"Yaya, ka ɓata man ɗiya. Lissahi hujja yaka so, ba 'wane ya ce' ba."

Ya ajiye bulo yana dariya. "Malam, ka mance? Igiyag ga kai kak koya man ita, kana aji biyu na sakandare, tsakar gidan Inna. Kowa sai na hwaɗa mai ƙanena yak koya man. Ita ma na hwaɗa mata."

Wallahi na manta. Na tsaya ina kallon igiyar, kunya ta rufe ni. Sai a hanyar gida abin ya sake soke ni: ashe Hussaina ta san ni ne tushen, amma sunansa ta rubuta.