Dokin Ƙofar Mma Azumi

A shekarar da wutar daji ta cinye gonaki, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, babu abin da muke da shi da yawa a gidanmu na Tamale sai bakuna. Kananzir ya ɓace, sabulu ya ɓace, tuwo ya koma na jar masara, malmalar ma ba ta kai ƙwan zabuwa ba. Don haka da an idar da magariba sai mu kewaye murhu kafin garwashi ya mutu, kakarmu Mma Azumi ta ƙarasa cika mana ciki da tatsuniya. Ni Rediyo take kirana, wai ba na bukatar batir.

A bakin ɗakin Mma akwai dokin ƙofa, tudun lakar nan da ke hana ruwan sama shiga ɗaki. Marigayi kakanmu ne ya gina shi da hannunsa. Al'adar gidanmu kuwa, duk shekara kafin damina mata su yaɓa masa sabuwar laka su shafe da makuba, kuma ba wanda ya taɓa kankare tsohuwar. Mma tana ƙanƙancewa, doki yana girma. A zamanina akuya ma sai ta ja da baya ta yi addu'a kafin ta tsallake shi.

Da dokin ya kayar da Mma karo na farko, Baba Inusa, yayan babana, ya taso daga Kumasi a fusace. Ya ce in ta sake faɗuwa ko sau ɗaya, zai sa ta a mota ya kai ta gidansa, a ɗakin sama, inda ba murhu, ba maƙwabta, ba mu. Babana ya ce a fasa dokin kawai. Mma ta miƙe a gaban kowa ta ce duk wanda ya taɓa aikin hannun mijinta Malam sai dai ya fara da ita.

Faɗuwa ta biyu ni kaɗai na gani. Da sassafe ne, ta fito da buta, sai ga buta a gabas, Mma a yamma, ƙafafu a sama.

"Rediyo, me kika gani?"

"Ban ga komai ba, Mma."

"Madalla. Zo ki ɗaga abin da ba ki gani ba."

Kwana uku na riƙe maganar nan. Cikina ya kumbura, ni kaɗai ce mai cikakken ciki a unguwarmu a shekarar. Gwiwarta ma ta kumbura, tana ɓoye ta a zane. Ana haka wani direba ya kawo saƙo cewa Baba Inusa yana tafe ranar Juma'a ya duba ta.

Ran Laraba da yamma Mma ta gyara zama, ta ce ga ta nan tafe, mai kunne ya tare ta. Muka ce ta iso, akwai wuri.

Wai akwai wata tsohuwar kunkuru da mijinta ya kewaye mata rami da 'yar katanga saboda ambaliya. Ya mutu. 'Ya'yanta, don ƙauna, kowace shekara sai su ƙara wa katangar tsawo, har ya zama in za ta fita kiwo sai ta kifa a bayanta tana harbin iska. Shaho ya ji labari, ya ce tausayinta yake ji, zai ɗauke ta ya ajiye a kan rimi inda ba abin da zai kayar da ita.

"Kunkuru a kan rimi," in ji Mma. "Me za ta ci a can? Gajimare?"

Ƙanena ya ce ai sai ta sa a rushe katangar. Mma ta harare shi ta ce da wane baki, bayan ta rantse a gaban dabbobin daji kaf cewa ba mai taɓa katangar? Tsohuwa ba ta haɗiye maganarta, haƙoran yin haka sun zube. Sai dai Allah ya kawo wata 'yar akuya marar kunya, mai shegen surutu, wadda kowa ya san ɓarna halinta ne. Tana cikin tsalle-tsallenta ta tunkuyi katangar, ta zube. Kunkuru ta zage ta tas, daji duka ya ji.

Na ce, "Sai me ya faru da 'yar akuyar?"

"Sai aka ba ta ƙanzo," in ji Mma, tana kallon garwashi. "Ƙurunƙus. Kan ɓeran kada ku tambaya, bana an cinye shi."

A shekarar nan, ƙanzon gindin tukunya ya fi sarauta. Washegari na ce zan taya mamata kawar da turmi. Na mirgino shi, ya kuɓuce mini, ya daki dokin. Ko gezau. Lakar shekara arba'in ba wasa ba ce. Na mayar da turmi baya, ya sake kuɓuce mini. Daga cikin ɗaki sai na ji murya ƙasa-ƙasa:

"Gefen hagu ya fi taushi."

A kuskure na uku doki ya dare biyu. Mma ta fito tana salati da ƙarfin da na tabbata an ji har can unguwar Sagnarigu. Ta kira ni annoba, ta kira ni jikar ɓarna, ta ce a riƙe ta kada ta kashe ni, alhali ba wanda ya ga ta motsa. Mamata ta bi ni da muciya har bakin titi. Babana ya dubi ɓarnar, ya dubi uwarsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce tunda ƙaddara ta riga ta faɗa, bari a gyara. Ya baje wurin ya zama daidai da ƙasa, ya haƙa magudana ta janye ruwa, ya kafa itace a jikin bango inda hannu zai kama.

Ran Juma'a Baba Inusa ya zauna a tsakar gida yana sa ido. Mma ta shiga ɗaki ta ɗauko goro. Ta koma ta ɗauko mafici. Ta koma ta mayar da maficin. Sau bakwai na ƙirga, tana tafe a miƙe kamar soja, ni kaɗai na san abin da gwiwar nan take faɗa mata. Ran Lahadi ya koma Kumasi shi kaɗai.

Yanzu shekarata goma sha bakwai, Mma tana nan a ɗakinta. Na daɗe ina ɗauka wayo na yi. Sai daga baya na gane tsoho yakan gwammace ya faɗi sau goma da ya ce "na kasa" sau ɗaya, kuma in yana neman taimako ba ya kiran sunan abin, sai dai ya aiko kunkuru. Aikin na gida shi ne su saurara, su gyara hanyar, su kuma yarda a zage su.

Har gobe in baƙo ya zo, sai ta nuna ni ta ce ga wadda ta rushe aikin mijinta. Amma in mata suka kwaɓa laka kafin damina, a bakin ƙofa take zama da sanda, kada wani ya kuskura ya sake gina dokin. Ƙanzo kuwa, ko da abinci ya dawo gari, ba ta taɓa ba wani ba sai ni.